Injin milin ɗinka na yoyon mai? Kada ka yi saurin kwance shi

Ƙananan injinan sassaƙa ƙarfe irin RF-45 suna da man giya a cikin kansu. Da zarar mai ya fara gangarowa ta sandar da ke juya wuƙa, sai kowa ya ce oyil sil ya mutu. Ba kullum ba ne.

Cire wuta, ka goge kan injin da kananzir, ka barbaɗa hoda. Kunna shi minti 10. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan yoyon yake. Duba gilashin mai: a tsakiya ya kamata man ya tsaya. Sai ɗan ramin shan iska da ke saman murfi. In ya toshe, iskar ciki ta yi zafi ta rasa mafita, sai ta turo mai ta sil. Ni wannan ya cinye min kwana biyu a banza.

In sil ɗin ne kuwa, lambobi uku na jikinsa girmansa ne a milimita: faɗin ciki, na waje, da kauri. Shafa wa sabon mai, ka saka shi ɓangaren sifirin na fuskantar man. ISO 68 aka fi zubawa, amma bi littafin injinka.