Gangara Ba Sauƙi Ba Ce: Jan Kunne Ga Masu Gudun Fanfalaki

A jihar Washington ta Amurka akwai wani tsohon layin dogo da aka kwashe ƙarafansa, ya koma hanyar tsakuwa mai sauka daga duwatsu. A kansa ake gudun fanfalaki na kilomita 42. Da an busa usur sai 'yan tsere su kutsa cikin ramin jirgin ƙasa na Snoqualmie, kusan kilomita 4 cikin duhu da sanyi, kowa da fitila a goshi, ruwa na ɗiga daga sama. Daga fitowarsu kuwa gangara ce har ƙarshe, saukar kimanin mita 600. Irin waɗannan gasanni sai ƙaruwa suke yi, kuma jama'a na ta tururuwa zuwa gare su ba tare da sanin abin da suke ɗora wa jikinsu ba.

Abin da ke jan su ba ɓoyayye ba ne. Gasar Boston, wadda ake yi tun 1897, galibi ba a shigarta sai mutum ya nuna ya taɓa kammala gudun cikin ƙayyadadden lokaci, kuma ko ya cika sharaɗin ba lallai ya samu gurbi ba: a gasar 2025 an mayar da fiye da mutum 12,000 da suka cika shi. Don haka kowa ke neman hanyar da za ta rage masa 'yan mintoci. Har masu shirya Boston ɗin sun farga. Daga gasar 2027, wanda ya kawo lokaci daga hanyar da ta sauka ƙafa 1,500 zuwa ƙasa da 3,000 za a ƙara masa minti 5, wadda ta fi haka minti 10, wadda ta kai ƙafa 6,000 kuwa ba za a karɓa ba sam.

To, wannan matsalar agogo ce. Tawa damuwar jiki ce.

Yaudarar gangara ita ce ba ta taɓa numfashi. Mai hawan tudu haki zai tsayar da shi tun kafin ya ji wa kansa ciwo. Mai sauka kuwa ƙirjinsa wasai, zuciya ba ta bugawa da ƙarfi, sai ya ɗauka yau ranarsa ce, ya ƙara wuta. Alhali a kowane taku tsokar gaban cinya ce ke taka birki, tana miƙewa tana kuma riƙe nauyin jiki a lokaci guda, kuma irin wannan aikin ne ya fi yayyaga zaren tsoka. Dubun-dubatar taku a haka. Wajen kilomita 30 sai cinyoyi su sandare, ƙafa ta daina jin umarni, a kan tsakuwa kuma nan ne ake targaɗe da faɗuwa ta fuska. Tsofaffin 'yan gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda ake sauya mata alkibla tsakanin hawa da sauka, sun daɗe suna cewa shekarar saukowa Durban ta fi barin mutum da ciwon ƙafa.

Da a ciwon cinya abin ya tsaya, da da sauƙi. Idan tsoka ta farfashe da yawa, abin da ke cikinta yakan malala cikin jini, ya je ya toshe ƙoda. Babbar alama a fitsari take: ya yi duhu kamar shayi ba madara, ko ya ragu ƙwarai, ga kumburin cinya da amai. Duk wanda ya ga haka bayan gudu, asibiti zai nufa a daren, kada ya ce bari ya kwana ya gani. Akwai waɗanda jinkirin ya kai su ga wankin ƙoda. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Sai kuma ƙwayar rage ciwo, a nan ne gargaɗin ya shafi har mai motsa jiki a unguwa, tunda a wurinmu Ibuprofen da Diclofenac a kemis ake miƙo su ba tambaya. Waɗannan magunguna suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mutum ya haɗiye su kafin tsere ko a tsakiyarsa, ga ƙishirwa, ga tsoka na zubar da datti, ya haɗa wa ƙodarsa abu uku a rana ɗaya. Sannan sun rufe bakin ciwon da zai ce masa ya sassauta. Ɗirkar ruwa fiye da kima ma ba mafita ba ce, don yakan tsarma gishirin jini har mutum ya ruɗe ko ya suma. A sha gwargwadon ƙishi.

Abin takaicin shi ne kariyar ba ta da tsada. Tsoka tana koyo: wanda ya yi atisayen sauka 'yan lokuta, makonni kafin gasa, yana farawa da gajeriyar gangara yana ƙarawa a hankali, ɓarnar da za ta same shi ranar tsere takan ragu sosai. A gajarta taku, kada a riƙa dira da dunduniya can gaban jiki. A gwada takalmin a kan tsakuwa tun da wuri, a yanke farce. Rabin farko na tseren kuma a yi shi cikin saurin da aka saba a fili, ko da ana ta wuce mutum ta hagu da dama. Wanda bai samu makonnin nan na atisaye ba, ya bar kuɗin rajistar ya tafi, ya jira gasa ta gaba.