Ann Lambton: Masaniyar Farisanci da Tarihin Manoman Iran

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu ina so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai wata Baturiyar Ingila mai suna Ann Lambton (1912-2008), wadda ta ƙarar da rayuwarta wajen nazarin ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Na zaɓe ta ne domin aikinta ya nuna inda sanin harshe zai iya kai mutum.

Karatunta da Aikinta

Lambton ta koyi Farisanci a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, wadda a cikinta ne F. W. Parsons ya koyar da Hausa. Ta sami digiri na uku a 1939. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta riƙe muƙamin jami'ar hulɗa da 'yan jarida a ofishin jakadancin Birtaniya da ke Tehran. Daga 1953 zuwa 1979 ita ce Farfesar Farisanci a SOAS.

Rubuce-rubucenta

A 1953 ta fitar da littattafai biyu: Persian Grammar, na nahawu, da Landlord and Peasant in Persia, a kan dangantakar masu gonaki da manoma. Wajen rubuta na biyun ta karanta tsofaffin littattafan tarihi, ta kuma shiga ƙauyuka ta tattauna da manoma da harshensu. Ta bayyana cewa a ƙa'ida abubuwa biyar ake dubawa wajen rabon amfanin gona: ƙasa, ruwa, iri, shanun huɗa da ƙwadago. Ke nan manomin da ba shi da komai sai ƙarfinsa kashi ɗaya cikin biyar zai samu, kodayake a aikace rabon yakan bambanta daga yanki zuwa yanki. A 1969 ta sake wallafa wani littafin game da gyaran dokar mallakar ƙasa na 1962 zuwa 1966.

Sai dai akwai inda ake sukarta. Bayan Firayim Minista Musaddik ya mayar da man fetur hannun gwamnatin Iran a 1951, Lambton ta shawarci Birtaniya da kada ta sasanta da shi. A 1953 Birtaniya da Amurka suka shirya juyin mulkin da ya kifar da shi.

Kammalawa

A ganina, darasin da ke nan namu ne. Wanda ya iya harshen mutane shi suke buɗe wa cikinsu, don haka abin da ya ji amana ne a hannunsa. Ya kamata kowane ɗalibin harshe ya tambayi kansa: wa ilimina zai amfana?