Tushen Himma Wajen Koyon Harshe na Biyu

A shekarar 1959, Robert Gardner da Wallace Lambert sun nazarci ɗaliban sakandare masu jin Ingilishi da ke koyon Faransanci a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Sun gano cewa baiwar koyon harshe ba ta wadatarwa sai da himma, suka kuma kasa tushen himmar gida biyu. Na farko shi ne neman amfani, kamar cin jarrabawa ko samun aiki. Na biyu kuwa shi ne sha'awar masu harshen da son cuɗanya da su. Masu wannan sha'awa su ne suka fi ƙwazo.

Batun ya shafi Nijeriya, domin Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin Hausa, Ibo da Yarbanci baya ga harshensa na gado. Ɗalibin da tsoron jarrabawa kaɗai ya kawo shi aji yakan yi watsi da harshen da zarar ya ajiye alƙalami. Saboda haka, wajibi ne malami ya sada ɗalibansa da masu harshen, ta hanyar hira da tatsuniya da ziyarar kasuwa.