Jiragen Araha: Kujerar Tsaye, Kuɗin Banɗaki da Sauran Zantukan da Ke Yawo

Hoton ya sake faɗowa zauren WhatsApp na danginmu: wasu abubuwa masu kama da sirdin keke a jere, kowanne da ɗan majingini, an rubuta a ƙasa cewa kamfanonin jiragen sama masu araha sun kusa fara ɗaukar fasinja a tsaye. Yaya Babba bai ɓata lokaci ba. "Ai dama araha ba ta ado," in ji shi, "saura su ɗora mutane a kan kaya kamar motar kasuwa." Na ga maganar ta shafe mu, domin alhazanmu da yawa flynas, wanda kamfanin araha ne, suke hawa zuwa Saudiyya, 'yan uwanmu mazauna Turai kuwa Ryanair da easyJet sun zame musu kamar bas.

Hoton na gaske ne, labarin da aka liƙa masa ne ƙanzon kurege. Wani kamfanin Italiya mai suna Aviointeriors ya ƙera kujerar, ya raɗa mata Skyrider, ya fara nuna ta a baje-koli tun 2010. Tazarar da ke tsakanin sahu da sahu inci 23 ce, alhali ko a jiragen araha abin da aka saba gani inci 28 zuwa 30 ne. Daga wancan lokaci zuwa yau babu jirgin fasinja da ya tashi da ita, babu kuma hukumar da ta ba ta lasisi. Dalilin ba tausayin gwiwoyin fasinja ba ne. Doka ta ce kujerar jirgi sai ta jure bugu mai ƙarfin ninki 16 na nauyin da ke kanta. Sannan kafin a amince da yawan mutanen da jirgi zai ɗauka, sai an nuna za su iya ficewa duka cikin daƙiƙa 90, rabin ƙofofin kuma a toshe. Wato ƙofa ce ke yanke yawan fasinja, ba faɗin daɓe ba. Boeing 737-800 iyakarsa mutum 189. Da Ryanair ya so ya zuba 197 a sabon samfurin MAX, sai da Boeing ya ƙara wa jirgin ƙofofin gaggawa biyu.

Galibin irin waɗannan zantuka daga bakin mutum ɗaya suka fito: Michael O'Leary, shugaban Ryanair na ƙasar Ireland. A 2009 ya shaida wa BBC cewa suna tunanin karɓar fam ɗaya kafin mutum ya shiga banɗaki. Jaridu suka yi ta yayatawa, amma ba a taɓa karɓar ko kwabo ba, shi kansa daga baya ya amsa cewa talla ce mai sauƙin kuɗi. A 2010 ya ce me za a yi da matuƙi na biyu, a koya wa ma'aikaciyar cikin jirgi saukar da jirgin kawai. Wannan ma bai wuce fatar baki ba, har yau matuƙa biyu ne a gaban kowane jirginsa. Sai dai a nan biri ya ɗan yi kama da mutum: hukumar kula da lafiyar jiragen sama ta Turai, EASA, ta yi shekaru tana nazarin ko za a iya barin matuƙi ɗaya a kan aiki a tsakiyar doguwar tafiya, ɗayan yana hutawa. Masu ƙera jirage ne suka tura batun, ba kamfanonin araha ba, kuma a 2025 binciken ya ce da na'urorin da ake da su yanzu ba a nuna hakan ya kai matuƙa biyu aminci ba.

Akwai kuma hoton "salatif" a fiffike, wanda duk wanda ya hango ta taga sai gabansa ya faɗi. Ba salatif ɗin shago ba ne. Tef ne na alminiyom da aka yi shi don ya jure iska da sanyi da zafi, littafin gyaran jirgin ya faɗi inda ya halatta a sa shi, kuma ana rubuta shi a rajista har ranar da za a yi cikakken gyara. Rufe kwarzane da ɓarewar fenti yake yi, ba ya riƙe fiffike. Manyan kamfanoni ma suna amfani da shi.

Batun mai ne ya fi cancantar a zauna a kansa, don a nan gaskiya da ƙari suka cakuɗe. Ana cewa jiragen araha suna tashi da mai ɗan kaɗan, har yakan kusa ƙare musu a sama. Tushen maganar daren 26 ga Yulin 2012 ne, lokacin da hadari ya rufe Madrid aka karkatar da jirage zuwa Valencia, jiragen Ryanair uku suka yi kiran gaggawa saboda mai. Ga yadda lissafin yake. Kowane jirgi dole ya ɗauki man tafiyar, da ƙarin kaso kaɗan na ko-ta-kwana, da wanda zai kai shi wani filin idan na farko ya ƙi, sannan da ajiyar ƙarshe ta minti 30. Matuƙin da ya ga zai sauka da ƙasa da wannan ajiya wajibi ne ya yi kiran gaggawa, ko da injinansa suna aiki lafiya lau. Hukumar sufurin sama ta Ireland ta bincika, ta samu cewa duka ukun sun tashi da mai fiye da abin da doka ta wajabta, sun daɗe suna shawagi ne suna jiran layi. Duk da haka ta ba kamfanin shawarar ya sake duba tsarinsa na mai idan za a je fili mai cunkoso cikin mummunan yanayi.

To ina gaskiyar take? Mai nauyi ne, kuma sai an ƙona mai kafin a ɗauki mai, shi ya sa kowane kamfani, mai araha da mai tsada, ba ya son a cika tanki a banza. Doka ta bar wa kyaftin hukuncin ƙarshe. Abin tsoron shi ne kyaftin ɗin da ya san idan ya yawaita neman ƙari za a kira shi ofis ya yi bayani. A ganina wannan matsin lamba, wanda fasinja ba zai taɓa gani ba, ya fi kujerar tsaye cancantar a yi masa surutu.

Auna fasinja a sikeli ma ya faru. Wani ƙaramin kamfani, Samoa Air, ya sayar da tikiti gwargwadon kilo a 2013. Amma awon da Air New Zealand ya yi a 2023 da na Finnair a 2024 na ganin dama ne, kuma don a san ainihin nauyin da jirgi ke ɗauka aka yi shi. A 2003 wani ƙaramin jirgi ya faɗi a Charlotte ta Amurka, mutum 21 suka rasu, cikin dalilan har da lissafin nauyin fasinja da ya tsufa.

Tsimin da jiragen araha ke yi da gaske a fili yake. Samfurin jirgi ɗaya suke saye, don kanikawa da matuƙa da kayan gyara su zama iri ɗaya. Jirgi ya sauka, cikin kamar minti 25 ya sake tashi. Suna sauka a filaye masu arha, irin Beauvais da ake kira "Paris" alhali akwai tafiyar kilomita 80 da wani abu. Kujerar Ryanair ba ta kwanciya, ba ta da aljihu, takardar bayanin gaggawa ma a bayan kujerar gabanka aka manna ta, don kada a ɓata lokacin shara. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofar shiga wani jirgin araha ina kallon wata dattijuwa tana danna jakarta cikin ɗan kejin ƙarfen da suke gwada girman kaya, jaka ta ƙi shiga, ta zuge ta, ta ciro riguna uku ta jibga a jikinta, sannan aka bar ta ta wuce tana gumi. Wulaƙanci ne, babu musu. Amma ba shi ke kayar da jirgi ba. Ryanair da easyJet sun kwashe shekaru da dama suna jigilar ɗaruruwan miliyoyin mutane ba tare da hatsarin da ya kashe fasinja ba, suna kuma yawan sayen sababbin jirage, saboda sabo ya fi tsimin mai.

Wanda ya ce tsimi bai taɓa kashe kowa ba kuwa, shi ma ya yi ƙarya. Ranar 11 ga Mayun 1996 jirgin ValuJet, kamfanin araha na Amurka, ya tashi daga Miami ya faɗa cikin fadamar Everglades, mutum 110 suka mutu. Kamfanin ya miƙa aikin gyara ga 'yan kwangila, su kuma suka zuba tsofaffin gwangwanayen samar da iskar shaƙa a kwali ba tare da 'yan murafun kariyarsu ba, aka loda a ɗakin kaya kusa da tayoyi, suka kama da wuta. Masu bincike sun ɗora laifin a kan ɗan kwangilar, da ValuJet da bai sa ido ba, da hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, da ba ta wajabta na'urar gano hayaƙi a irin wannan ɗaki ba. A Indonesiya, jirgin Adam Air ya nutse a teku ranar 1 ga Janairun 2007 da mutum 102. Matuƙan sun shagala da wata na'urar nuna hanya da aka yi ta kai ƙararta sama da sau 150 cikin watanni uku ba a gyara ta da kyau ba. A 2008 aka ƙwace lasisin kamfanin.

Kuma wannan cuta ba ta tambayar kuɗin tikiti. Alaska Airlines ba kamfanin araha ba ne, amma a Janairun 2000 jirginsa ya faɗa teku a gaɓar California da mutum 88, saboda an tsawaita lokacin shafa giris a wani ƙarfe mai zare da ke juya wutsiya, har ya cinye. Da jirgin Lion Air samfurin 737 MAX ya faɗi a Oktoban 2018 da mutum 189, mutane da yawa suka ce halin araha ne. Bayan wata biyar irin jirgin nan ya faɗi a hannun Ethiopian Airlines, kamfanin da Afirka ke alfahari da shi, da mutum 157, aka gano babbar matsalar daga ƙirar Boeing take.

Wato sa ido ne abin dubawa, ba kuɗin tikiti ba. Shi ya sa Tarayyar Turai, a jerin kamfanonin da take hana shiga sararin samaniyarta, sau da yawa ƙasa sukutum take sakawa idan ta ga hukumar ƙasar ba ta sa ido yadda ya kamata. Haka ta yi wa Indonesiya a 2007, har da Garuda, kamfanin gwamnati, kuma ba ta gama cire takunkumin ba sai 2018. Jerin yana intanet, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Shi na tura wa Yaya Babba, na ce ya duba sunan kamfanin da zai hau zuwa Umara.