Ɗurin adaka: abin da ke tsakanin albarushi da dalma

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, daga Ƙonni zuwa Illela, daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, ya san su. Da zarar damina ta ɗauke aka kai hatsi rumbu, sai maharba su fara ɓullowa can gefen ƴan kaji, da zabin daji da zomaye a rataye. Da yawanmu mun sayi nama a hannunsu, wasunmu ma sun taɓa tauna ƙwayar dalma a cikin miya. Amma idan mai karatu ya lura da kyau lokacin da ake miƙa masa canji, wani lokaci zai ga hannun da babu yatsu biyu ko uku. Ba kura ce ta cinye su ba. Bindigar mai hannun ce ta fashe.

Wannan bindiga da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda muke kira adaka, wasu kuma su ce harba-ka-ruga don tsokana, ba a nan aka ƙago ta ba. Ta gaɓar teku ta shigo, kuma Turawan Ingila har yau da sunan mutanen Denmark suke kiran ta, saboda cinikinta da suka yi a gaɓar Gana kafin su sayar wa Ingila sansanoninsu a 1850. Maƙeran Birmingham a Ingila da na Liège a Beljiyam sun ƙera irinta masu ɗimbin yawa don kasuwar Afirka. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta toshe sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Da haka adaka ta zauna, maƙeranmu suka koyi yin ta.

To amma akwai abu guda da bai biyo ta ba. A Birmingham tun 1813 akwai gidan gwajin bindiga, inda ake ɗura wa kowane bututu albarushi fiye da kima a tayar, in ya jure a buga masa hatimi. Bindigar da maƙerin ƙauye ya haɗa da bututun famfo ko sandar sitiyarin tsohuwar mota ba ta ga wannan gwaji ba. Hannun mai ita ne wurin gwajin. Shi ya sa maganar awo ta fi muhimmanci a nan fiye da can.

Tsohuwar ƙa'idar maharban Turai mai sauƙi ce: ma'auni ɗaya. Ɗan kokon da aka auna albarushi da shi, da shi ake auna dalma. A bindigar da faɗin bakinta ya kai milimita 18 da rabi, wadda suke kira lamba 12, dalmar takan kai giram 28 zuwa 32. Wannan fa awon bindigar da ke da hatimi ne; ta gida ƙasa da haka ya kamace ta. Matasa kan ɗauka cewa ƙarin albarushi ƙarin nisa ne. Abin da ke faruwa shi ne ƙarfin ya tarwatsa ƙwayoyin, su bazu kamar zobe, tsakiya ta zama wayam, zabo ya tashi lafiya lau, maharbi ya koma gida da ciwon kafaɗa. Wanda ke son ya san gaskiyar ɗurinsa, ya kafa babban kwali a taku 25 inda ba kowa a baya, ya harba ya ƙirga hujojin.

Abin da ya fi raba gwani da ɗan koyo shi ne toshi, wato abin da ake cusawa tsakanin albarushi da dalma. Aikinsa ya tare iskar da wutar ta haifar don ta tura dalma gaba ɗaya, kada ta kutsa ta tsakanin ƙwayoyin. Turawa uku suke sa wa: kwali mai tauri a kan albarushi, sai wani mai taushi na gashi ko zare wanda aka ɗan shafa wa mai, sannan bayan dalma wani siririn kwali da zai hana ta zubowa idan an sunkuyar da baki. Tsoffin maharban Amurka har gidan rina sun yi amfani da shi. Namu kuwa tsumma ne, ko soso, ko zaren buhu, kuma suna aiki idan an dunƙule su daidai da bakin. Na ƙasa ya zama mai kauri ya matse, na sama ya zama sirit. In aka yi na saman ƙato, shi ma ɓata harbin yake. Leda ba ta cikin lissafi, don narkewa take ta manne a bututu. Busasshen tsumma da auduga kuma sukan fita da wuta a jikinsu, a lokacin hunturu kuwa wannan ya isa ya cinye dajin kiwo da rumbunan da ke kusa.

Kada a bar sarari. Wannan ita ce maganar da za mu so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Idan toshin bai sauka ya zauna daram a kan albarushi ba, ko dalma ta tsaya a rabin hanya saboda dattin harbin baya, bututun kan kumbura ko ya tsage daidai inda hannun hagu yake riƙe. Maganin abu ne na kyauta: a yi wa sandar ɗuri zane biyu, ɗaya inda take tsayawa in bindiga ba komai, ɗaya in an ɗura daidai. Zanen nan shi ke tona bindigar da aka ɗura tun bara aka manta, aka zo za a ƙara mata wani ɗurin a kai. Mai baki biyu kuma, bayan ya harba ɗaya, ya cire ƴar hular tagullar da ke kan ɗayan, ya sake danna shi, don girgiza kan ɗaga toshin.

Ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora. A zuba a ma'auni tukuna, saboda in akwai sauran garwashi a ciki, ƙahon gaba ɗaya zai tashi a hannu. Fuska ba ta leƙa baki. Hula ita ce ƙarshen sawa. In an ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da nuna bakin inda ba mutum har minti guda, don takan yi jinkiri sannan ta tashi. Sai babban haɗarin zamaninmu: farke harsashin bindigar zamani a juye garinsa cikin adaka. Wannan gari marar hayaƙi ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, ko bindigar Turai mai hatimi ba a yi ta dominsa ba, balle bututun famfo.

Dalmar ma iri-iri ce. A lambobin Turawa, duk yadda lamba ta ƙaru ƙwayar ƙanƙancewa take: lamba 6, da ba ta kai milimita 3 ba, ta ishi fakara da zomo, zabo ya fi son 4 ko 5. Tun 1782 wani mai aikin famfo a Bristol, William Watts, ya gano cewa narkakkiyar dalma in ta faɗo daga dogon gini cikin ruwa takan dunƙule sumul, kuma mulmulalliyar ƙwaya ce ke tafiya a miƙe. Guntayen ƙusa, yankakken rodi da ƙwallayen gargaren keke da ake cusawa don arha suna kankare cikin bututu, suna iya cijewa, in sun bugi dutse kuma su dawo. Dabbar da suka sama sau da yawa ba ta faɗuwa, sai ta tafi ta ruɓe a daji.

Masu narka dalmar tsohon batir a tsakar gida, a tukunyar da gobe za a dafa wake, su tuna Zamfara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega. Dalma ɗaya ce. Masu tsire da masu tuwo da ke sayen naman daji su yanke inda ƙwayar ta bi su zubar, musamman in yara da masu juna biyu za su ci.

Saura maganar da ta fi shafar aljihunmu. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ambaci adaka da sunanta, kuma sai da lasisi ake riƙe ta. A Nijar dokar farauta ta 1998 ta ɗora wa maharbi neman izini, ta kuma ware dabbobin da ba a taɓawa, irin raƙuman dawa na Kure. Takardar wannan ƙasa ba ta aiki a waccan. A wannan zamani na ƴan bindiga daɗi, ɗan ƙunshin albarushi da wani ya ce «don Allah Alhaji miƙa wa ƙanena a ƙetare» ya isa jandarma ko ɗan duwan ya sauke kaya duka, ya riƙe mota, direba da mai kaya su kwana a ofis suna bayanin abin da ba nasu ba.