Masara mai zaƙi a lambun gida: kada ka shuka ta layi ɗaya

A shirin wannan mako mun taɓo zancen masarar nan rawaya mai zaƙi, wadda ake ci dafaffiya ko gasasshiya. Ba irin ta tuwo ba ce. In ka sayi irinta za ka ga ƙwayar a yamushe kamar ta lalace. Kada ka mayar wa mai shago, haka take.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya jera ta layi ɗaya a gindin danga. Kara ya yi tsawo, ganye shar, amma ranar da ka ɓare goyon sai ka tarar da giɓi ko'ina, ƙwaya nan da can. Ga dalili. Bununin da ke saman kara iska ce ke kaɗo shi ya faɗa kan gemun masara, kuma kowane silin gemu ƙwaya ɗaya yake haifarwa. Silin da bai samu bununi ba, gurbinsa fanko. Layi ɗaya kuwa iska ta kwashe bununin ta zubar a waje. Don haka ka yi gajerun layuka huɗu ko fiye, kusa da juna. Tsakanin layi da layi santimita 70, tsakanin tushe da tushe kamar 30, zurfin rami bai wuce gaɓar yatsa biyu ba.

In maƙwabci yana da masarar tuwo kusa, ku bambanta lokacin shuka da mako uku. In suka yi bununi tare, zaƙin taka ya tafi.

Kai makiyayi, taki ba matsalarka ba ce, amma ka sa kashin shanun da ya ruɓe, ɗanye yana ƙona saiwa. Ruwa kuma kada ya yanke mata, musamman daga fitowar gemu. Ka riƙa leƙa cikin kan tsiron da sassafe saboda tsutsar nan da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016. A ƙaramin lambu hannu ma ya isa ka tsince ta.

Yawanci cikin kwana 70 zuwa 90 take isa ci, wato kamar mako uku bayan gemu ya fito. Gemu ya bushe ya yi duhu, sai ka ɗan buɗe goyo ka danna ƙwaya da farce. Ruwa fari kamar madara ya fito, to ta yi.

Nan ne ɗan kasuwa zai buɗe kunne. Daga lokacin da aka karya ta, zaƙin ke fara komawa gari, zafi kuma yana hanzarta shi. Ba kayan da za ka ɗora a mota daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko daga Ƙonni zuwa Illela, ya kwana a shinge ana jiran takarda ba ne. Ka karya da asuba, ka bar ta cikin ɓawonta, a inuwa, ka sayar a ranar. In ba ka da tabbacin mai saye, karya ta ci kawai, sauran ta ƙara kwana ɗaya ko biyu a jikin kara.

Karan da ya rage ɗanye ne, shanu da tumaki suna son shi. Ajiye iri kuma, in an rubuta a jikin fakiti cewa haɗin aure ne, kada ka wahalar da kanka. Baɗi ba zai fito kamar uwar ba, sabo za ka saya.