Adadin da Ya Ƙi Rabuwa

Duk almajirin da ya zauna gaban malaman fara'ili a zaurukan Azare, ko ya ga yadda alƙalan ƙasar Katagum ke warware mas'alar gado, ya san cewa idan mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu, asalin mas'alar 12 ne, amma da yake miji na da 3, uwa 2, 'ya'yan kuwa 8, sai awlu ya ɗaga ta zuwa 13. Shi kuwa 13, kowa ya sani, ba ya rabuwa daidai sai da kansa ko da ɗaya. Irinsa malaman hisabi ke kira adadi awwal, kuma tun zamanin Yunanawa Uƙlidisu ya kafa hujja cewa ba su da iyaka.

To, ga wani babban ɗan'uwansa: 2,147,483,647. Hanyar samunsa ba wuya: a ɗauki biyu a yi ta ninkawa, huɗu, takwas, sha shida, har mataki na 31, sannan a cire ɗaya. Masu irin wannan siffa ana jingina su ga Marsan, wani rahibi Bafaranshe da ya rasu a 1648, kuma wannan shi ne na takwas a jerin awwalai daga cikinsu. Abin sha'awa, 31 ɗin ma ɗan gidan ne, domin 32 ne aka cire wa ɗaya. Kowanensu kuma yana haifar da adadi tammi, wato wanda jimlar masu raba shi, ban da shi kansa, ke komowa daidai da shi, kamar yadda 7 sau 4 ya ba da 28, alhali 1 da 2 da 4 da 7 da 14 su ma 28 ne.

Tabbatar da cewa 2,147,483,647 ba ya rabuwa fa nan ne aiki. Ibnul Banna na Marrakish ya riga ya sauƙaƙa, da ya nuna cewa gwaji ba ya bukatar wuce jizirin adadi, wato abin da in aka ninka shi da kansa zai ba da adadin, wanda a nan bai kai 46,341 ba. Duk da haka sai a 1772 Oila, masanin ƙasar Suwizalan, ya kammala hujjar, a lokacin idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya, babu na'ura, sai kaifin basira. A ganina wannan ya fi ban mamaki a kan wanda kwamfutoci suka gano a Oktoban 2024, mai lambobi 41,024,320.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan duk nishaɗin malamai ne. A kan 2,147,483,647 ne ƙirgen tsofaffin kwamfutoci da dama ke tiƙewa, har agogon wasunsu zai rikice ranar 19 ga Janairun 2038. Saboda haka ina roƙon malaman lissafi na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, in za su koyar da wannan babi, su faro wa ɗalibansu daga mas'alar awlu.